Gani Ya Kori Ji: Lamarin Mai Gogen da ke Makara a Gida na Shida

Ƙungiyarmu ta okestira, wato taron makaɗa masu kayan kiɗa iri-iri irin na Turawa, ba ta ƙwararru ba ce. Ma'aikata ne da ɗalibai da 'yan fansho, kowa da abin da yake ci da shi, mu haɗu sau ɗaya a mako mu yi bita, idan shiri ya nuna mu fito gaban jama'a. Masu gogen biyolin a kowace okestira kashi biyu ne, goge na ɗaya da goge na biyu, kuma ni aka ɗora wa jan sashe na biyu. Aikin ya haɗa da rubuta wa mutanena inda baka, wato abin da ake goga tsirkiya da shi, zai hau da inda zai sauka, da ba su alamar shiga, da shan faɗan madugu, mai jagorantar kiɗan da sanda, a madadinsu duk ranar da sashen ya kwafsa.

Wanda wannan bayani ya shafa dattijo ne a sashena. Ya girme ni nesa ba kusa ba, Baba nake ce masa. Matsalar da ya yi fama da ita tana kama mutane da yawa da suka saba kiɗa su kaɗai sannan suka shiga cikin taro, kuma galibi maganin da ake ba ta ba nata ba ne. Shi ya sa na ga ya dace a rubuta ta dalla-dalla.

Baba ya koyi goge tun yana yaro, aiki da iyali suka sa ya jingine shi shekara da shekaru, sai da ya haura hamsin ya sake ɗauka. Kafin ya zo wurinmu, atisayensa iri ɗaya ne kullum: ya rufe ɗaki, ya saƙala abin sauraro a kunne, ya kunna faifan wata babbar okestira, ya buɗe takardar goge na biyu, ya bi su daga farko har ƙarshe. Wannan ya yi masa rana ta wani fannin. Yatsunsa na hagu ba sa kuskuren wuri, sautinsa cike yake, kuma ya san manyan ayyukan da muke kaɗawa fiye da wasu da suka daɗe a ƙungiyar. Ban da haka, ma'abocin zuwa taron kiɗa ne na gaske. Yana da wurin da yake so a zaure, tsakiya, ɗan baya kaɗan, inda sautin ya fi haɗuwa. Da zarar madugu ya ɗaga hannu sai ya rufe ido, ba ya buɗewa sai an fara tafi.

Da ya shigo, aka zaunar da shi inda ake zaunar da kowane sabon shiga, wato maɗori na ƙarshe. Maɗori shi ne abin da ake ɗora takardar kiɗa a kai. Masu goge bibbiyu suke zama, takarda ɗaya a gabansu, na ciki shi ke juya shafi. Daga kujerar Baba zuwa inda madugu yake tsayawa kusan mita 8 ne.

Inda abin ya fito fili

A shirye-shiryen farko ba wanda ya lura da komai. Kiɗan da muke yi a lokacin mai tafiya a hankali ne, kuma sashenmu yana ɓoye ƙarƙashin masu busa. Asiri ya tonu ne da muka ɗauki Simfoni na Biyar na Betoben, wani dogon kiɗan okestira da wannan shahararren Bajamushe ya rubuta.

Dole a ɗan tsaya a kan yadda farkon wannan aiki yake a rubuce, domin duk lamarin a nan ya ta'allaƙa. Rubutun kiɗa yanka shi ake yi gida-gida da layuka a tsaye. A kashin farko na wannan simfoni, kowane gida yana cin ƙananan sautuka huɗu. Kowa ya san yadda ya fara, gajeru uku da dogo ɗaya. Abin da mai sauraro bai cika sani ba shi ne, kafin gajerun nan uku akwai shiru a rubuce, tsawon ƙaramin sauti ɗaya. Sandar madugu a kan shirun take sauka, makaɗa su faɗo bayanta. Sannan dogon sautin yana ɗauke da alamar riƙewa, wadda ba ta da ƙayyadadden tsawo: madugu ne ke riƙe shi gwargwadon yadda ya ga dama, ya yanke lokacin da ya ga dama. Haka ake yi sau biyu, masu tsirkiya duka tare da kilarinet, wani abin busa, da ƙarfi, gida biyar.

Sai gida na shida. A nan kowa ya yi tsit, goge na biyu kaɗai ke shiga, da sauti ƙasa-ƙasa, da gajeru ukun nan. Gida ɗaya bayansu biyola, gogen da ya ɗan fi biyolin girma, ta karɓa, gida ɗaya bayanta goge na ɗaya su karɓa. Wato a gida na shida babu wani a duk dandamalin da za ka saurara ka bi. Ku ne na farko.

Saurin kuma ba na wasa ba ne. Lambar metironom, wato na'urar auna saurin kiɗa, da Betoben ya ba wannan kashi, wadda aka buga a 1817, ita ce gida 108 a minti ɗaya. Idan ka raba, kowane gida bai kai sakan ɗaya ba, rabinsa ne da ɗoriya, ƙaramin sauti ɗaya kuwa wajen milisakan 139 (milisakan dubu ke yin sakan ɗaya). Mu ba ma kaiwa wannan gudun, amma ko an sassauta, wurin ba ya yafe wa kowa.

Abin da ke fitowa daga sashena a wannan gida ba gajeru uku ba ne. Uku ne da wutsiya. Madugu ya tsayar da mu ya sake, ya tsayar ya sake, daga bisani ya ajiye sanda ya ce, "Goge na biyu, akwai mai jan ƙafa a cikinku. Ban san ko wane ne ba, amma daga baya yake fitowa." Kowa ya sunkuyar da kai. Baba kaɗai ne bai sunkuyar ba, don ko a mafarki bai ɗauka da shi ake ba.

Abubuwan da aka fara zargi

Zargin farko shi ne bai iya wurin ba. Wannan bai daɗe ba ya faɗi. Na sa kowa ya kaɗa gidajen nan shi kaɗai tare da metironom, Baba ya fi kowa tsafta. Da aka ce ƙila ƙidaya ce ke kuɓuce masa, sai aka ga yana iya faɗin lambar gidan da ake ciki ko ba ya kallon takarda.

Daga nan aka koma kan kunne. Masu goge da yawa kunnensu na hagu ya fi saurin gajiya, saboda kayan kiɗan a ƙarƙashinsa yake kwana yake tashi. Baba ya je aka auna. An sami ɗan rauni a sirarran sautuka a kunnen hagu, daidai da shekarunsa, ba abin da zai sa mutum ya makara ba.

Shawarar da aka fi ba shi a wannan tsakanin, daga madugu har abokan zama, ita ce, "Baba, a ƙara saurara." Ya kuwa ƙara. Yana ƙara kasa kunne, makarar tana ƙaruwa.

Abin da ya warware zaren wayoyi biyu ne. Na ajiye ɗaya kusa da ƙafar madugu, ɗaya a kan maɗorin Baba, suka naɗi bitar gaba ɗaya, sannan muka zauna muka saurara da rage gudu. Sai ga matsala biyu, ba ɗaya ba.

Ta farko ƙarama ce, tana nan ko'ina. A wuraren da kiɗa ke gudu ba tsayawa, wayar da ke maɗorinsa ta nuna yana tare da mu cif. Wayar da ke gaban madugu kuwa ta nuna yana ɗan baya. Duka biyun gaskiya suka faɗa. Sauti yana tafiyar mita 343 a sakan ɗaya a iskar ɗaki, wato kowace mita tana cin kusan milisakan 3. Sautina yana isa wurin Baba bayan milisakan 24 ko makamancin haka. Idan ya daidaita hannunsa da abin da ya ji, nasa sautin zai sake cin wani 24 ɗin kafin ya iso gaba. An tashi kusan 50 ke nan, sulusin ƙaramin sauti. Wannan ba laifinsa ba ne shi kaɗai, duk wanda ke zaune a baya da shi yake fama. Masu ƙaho da mai tambura, waɗanda suka fi kowa nisa, tun suna ɗalibai ake koya musu su riga abin da kunnensu ke ji, su bi abin da idonsu ya gani, domin haske ba ya ɓata lokaci a hanya.

Ta biyu ita ce babbar. A gida na shida, da duk inda aka shiga bayan alamar riƙewa, wayoyin biyu sun yi ittifaƙi cewa ya makara, kuma makara mai yawa, kusan sauti guda cur. Jira yake ya ji mun fara sannan ya motsa. Lafiyayyen mutum yana cin milisakan 150 ko fiye tsakanin jin sauti da motsa hannu. Ka ɗora tafiyar sautin a kai, sai ka ga lokacin da bakansa ya taɓa tsirkiya mu muna kan sauti na biyu.

Da na nuna masa, ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "To ɗana, a gida fa ban taɓa makara a wurin nan ba. Ko sau ɗaya."

Gaskiya ya faɗa, kuma maganarsa ita ta ba ni sauran amsar. Faifai ɗaya yake bi shekara da shekaru. Madugun da ke cikin faifan tsawo ɗaya yake riƙe dogon sautin yau da gobe da jibi, tun da faifai ba ya sake shawara. Jikin Baba ya haddace wannan tsawon har ya zama ba ya buƙatar wata alama. Da ya zo gaban madugu mai rai, wanda yau zai riƙe da tsawo gobe ya gajarta, haddar ta zama banza. Bai kuma taɓa koyon neman alama da ido ba, sai ya koma kan abin da ya rage masa, wato kunne.

Akwai kuma wani ƙaramin abu da ya ƙara dagula lamarin, wanda ban gano ba sai da na zauna a kujerarsa. Maɗorinsa a ƙasa yake sosai. Tabaran da yake sawa na karatu ne, wanda aka yanka don abin da ke nesa da ido kamar santimita 40. Da shi yake lallaɓa takarda, madugu kuwa ta cikinsa inuwa ce kawai mai motsi. Ko ya so ya duba, sai ya ɗaga kai ya leƙa ta saman gilashi, kafin ya dawo ya ɓata layi. Saboda haka ya daina dubawa tun tuni.

Abin da aka yi

Na ido da na maɗori ba su ba da wahala ba. Ya sa aka yanka masa tabarau mai hawa biyu, ƙasa don nisan maɗori, sama don nesa. Muka ɗaga maɗorin har ya zama hannun madugu yana bayyana dab da saman takarda, ba sai an ɗaga kai ba. Na kuma roƙe shi ya haddace gida biyu kafin kowace alamar riƙewa da gida biyu bayanta, ya zana tabarau da fensir a wurin, kamar yadda makaɗa suka saba yi don tuna wa kansu su dubi gaba.

Raba shi da faifan ne ya zama aiki. Ban ce ya daina saurara ba. Cewa na yi ya ajiye goge idan zai saurara, kuma ya nemi faifai daban-daban na wannan simfoni, ya riƙe agogo ya auna tsawon riƙewar kowane madugu. Ya dawo yana mamaki, wai wani yana riƙewa kusan ninki biyu na wani. Amma sanin abu a kai daban, hannu ya yarda daban. A bita ta gaba ya ɗan gyaru, ba sosai ba. Yana kallon madugu yanzu, sai dai kallon mai jiran a ce masa "fara", bakansa a sama, sai sanda ta sauka sannan ya kawo shi kan tsirkiya.

A nan na ga bayani da baki ya ƙare. Na ce masa mu je taron kiɗa tare, amma ni zan zaɓi kujera.

Wasu zaurukan suna da kujeru a bayan dandamali, inda mai kallo ke fuskantar madugu kamar shi ma ɗan ƙungiya ne. Zauren Concertgebouw na Amstadam, wanda aka buɗe a 1888, yana da su. Zauren Filharmoni na Balin kuwa, wanda Hans Scharoun ya zana aka buɗe a 1963, dandamalin ma a tsakiya yake, jama'a sun kewaye shi. Zauren da muka je yana da 'yan layuka irin waɗannan, a nan na samo mana wuri. Baba bai so ba, kuma yana da hujja. Daga baya sautin ba ya daidaita. Bakin ƙaho baya yake kallo, don haka a fuskarka yake busawa, tambura na dukan ƙirjinka, masu goge kuwa suna can nesa sun ba ka baya ko gefe. Wanda ya zo jin daɗin kunne ba nan zai zauna ba. Na ce, "Baba, yau ba ji muka zo yi ba. Abu ɗaya nake roƙo, kada a rufe ido."

Tun kafin a fara ya ga abin da bai taɓa kulawa da shi ba. Shugabar masu goge ta miƙe ta dubi mai busa obo, wani abin busa mai kama da algaita, ya ba da sautin da kowa ke ɗaure tsirkiyarsa a kai, masu busa suka daidaita, sannan masu tsirkiya. Wannan ya sani. Abin da bai sani ba shi ne abin da ke faruwa a sakan biyun da ke gaban sautin farko. Madugu bai motsa ba tukuna, amma duk bakunan masu goge sun riga sun kwanta a kan tsirkiya, a wuri ɗaya na bakan, gashin ya ɗan danne. Da hannun madugu ya tashi sama, sai ka ji dandamalin gaba ɗaya ya ja numfashi, har masu goge da ba busa za su yi ba. Kan gogen shugabar ya ɗaga kaɗan, ya sauka, sautin ya fito a dunƙule. Idan mutane suka taru za su ɗaga kaya mai nauyi, ba mai jiran ya ji kayan ya tashi sannan ya sa ƙarfi. Da numfashin da aka ja tare ake ɗagawa.

A cikin shirin, kafin hutu, akwai wurin da masu tsirkiya duka suka ajiye baka suna fizgar tsirkiya da yatsa, a hankali, sauti ɗaya, shiru, sauti ɗaya. Babu abin da ke tona asirin ƙungiya kamar wannan, don fizga ba ta da tsawon da za ta ɓoye makarar wani. Na taɓa Baba na nuna masa masu goge na layin baya. Ba wanda ke kallon takarda. Ba ma duka ke kallon madugu ba. Idonsu yana kan gwiwar hannun na gabansu, na gaban yana kallon shugabar sashe, ita kuma tana kallon shugaban masu celo, babban gogen da ake kafawa a ƙasa, a ɗaya gefen. Hannaye fiye da arba'in suna tashi tare suna sauka tare.

Da aka tafi hutun rabin lokaci ya juyo da wata magana da ban shirya mata ba. Ya ce, "Ai su ma a makare suke! Na gani da idona. Sanda ta sauka, sai daga baya sautin ya fito. Ni da na yi haka an ce ina jan ƙafa."

Ya gani daidai. Manyan okestirori da yawa, musamman a kiɗa mai nauyi da tafiyar hawainiya, suna fitar da sauti bayan saukar sanda, wani lokaci da tazarar da ido ke gani ƙarara. Wilhelm Furtwangler, wanda ya karɓi jagorancin okestirar Filharmonik ta Balin a 1922, ya yi suna da saukar hannu mai karkarwa wadda baƙo ba zai taɓa gane inda bugun yake ba, amma mutanensa su shiga tare. Bambancin shi ne tasu tazarar ta yarjejeniya ce. Dukansu sun ga alamar a lokaci guda, dukansu sun san yawan jinkirin da ƙungiyarsu ke yi, kuma akwai jikin mutum ɗaya da suke ɗaukar ainihin lokacin daga gare shi. Baba shi kaɗai yake nasa jinkirin, bayan kowa.

Wannan ya kai mu ga hirar wanda ake bi a zahiri. Madugu mai sanda ba tsohon abu ba ne kamar yadda ake zato. A zamanin da aka rubuta wannan simfoni, shugaban masu goge yana da babban kaso a jan ƙungiya. A Faris, Habeneck, wanda ya kafa shahararrun tarukan kiɗa na makarantar kiɗa ta birnin a 1828 ya kuma gabatar wa Faransawa simfonin Betoben, da bakan goge yake jagoranci. An ma yi ƙungiyoyin da suka ajiye madugu gaba ɗaya. Persimfans a Mosko, daga 1922 har kusan shekara goma, sukan zauna suna fuskantar juna, wasunsu sun ba jama'a baya, don kowa ya ga kowa. Ƙungiyar Orpheus da aka kafa a Amurka a 1972 har yau ba ta da madugu. Ana iya kiɗa babu sanda, amma ban san ƙungiyar da ta iya shi babu kallon juna ba.

Bayan wannan dare na sauya yadda muke bitar sashe. Muka riƙa zama a da'ira, ba metironom, ba ƙidaya da baki. Mutum ɗaya zai riƙe dogon sautin yadda ya so, ya yanke, ya ja numfashi, sauran su shiga da shi. Kowa sai ya ja, har da Baba. Ranar da layi ya zo kansa ya gane cewa idan bai nuna da jikinsa ba, ba wanda zai san lokacin shiga, kuma ba zai iya nunawa ba sai ya riga ya yanke shawara a ransa kafin sautin. A ganina wannan ya fi duk sauran magungunan aiki. Na kuma dawo da shi maɗori na biyu, bayana kai tsaye, na wani lokaci. Wannan ya jawo ɗan gunaguni, don a ƙungiyar sa-kai ma kujerar gaba tana da masu so, kuma wadda aka mayar baya ta ɗauka rage mata daraja aka yi. Sai da na zauna da ita na yi mata bayani.

Yadda ta kaya

Ba a tafi a miƙe ba. Makonnin da suka biyo baya Baba ya koma riga kowa. Tsoron makara ya sa yana faɗawa cikin shirun da ke farkon gida, wanda ya fi makara muni, domin mai makara yana ɓuya a bayan 'yan'uwansa, mai riga kuwa shi kaɗai ake ji a fili. Sau ɗaya ya shiga shi kaɗai tilo a gida na shida, zaure tsit, har wani mai biyola ya kasa riƙe dariya. Ya ji kunya ƙwarai, ya ce ƙila gara ya koma ɗakinsa da faifansa. Madugu ne ya rarrashe shi da labarin ranar da aka fara kaɗa wannan simfoni, 22 ga Disamba 1808, a Biyana, babban birnin Ostiriya: taron ya ci awa huɗu cikin zaure mai sanyi, bita ba ta isa ba, a aikin ƙarshe na daren kuma ƙungiyar ta rikice har sai da Betoben da kansa ya tsayar aka sake daga farko.

Maganin riga kowa shi ne mu ba shirun aiki. Maimakon ya ɗauke shi wurin jira, na ce ya mayar da shi sauti na farko cikin huɗu, wanda ake kaɗawa da hanci. Sanda ta sauka, ya shaƙi iska gajere, baka yana kwance a kan tsirkiya, sannan uku su biyo. Shaƙa, ta, ta, ta. Da wannan ya zauna.

A ranar wasa kashin farko ana maimaita farkonsa, saboda haka gida na shida sau biyu yake zuwa. Na saurari abin da aka naɗa daga tsakiyar zaure. A zuwan farko sashen ya shiga a dunƙule, ba wutsiya. A na biyu akwai ɗan kauri a sautin farko, wanda ba zan iya ɗora wa mutum ɗaya ba, don madugu ya gajarta riƙewar fiye da yadda ya saba kuma rabinmu ya ba mamaki.

Abin da bai gyaru ba shi ne wuraren da kiɗa ke rage gudu sannu a hankali. A nan idon Baba yana komawa kan takarda, kunne ya karɓi aiki, ƙaramar makarar ta dawo. Ya kuma yi mini wani ƙorafi da ban da amsarsa. Ya ce na ɓata masa zuwa taron kiɗa, yanzu ko ya zauna a tsohuwar kujerarsa ba ya iya rufe ido, sai ya tsinci kansa yana leƙen gwiwar hannun masu goge na layin baya. Dabarar da ya ɓullo da ita ita ce ya raba dare biyu, kafin hutu ido a buɗe, bayan hutu a rufe.

Mun yi saɓani da madugu kan inda zai zauna a shiri na gaba. Shi yana ganin a bar shi a maɗori na biyu, tun da a nan ya gyaru, kada a tayar da abin da ya kwanta. Ni kuma ina ganin a maɗori na biyu kusancina ne ke ɗauke masa rabin aikin, ba za a san ko ya koya ba sai ya koma inda sauti ke iso masa a makare. Akwai kuma alkawarin da na yi wa wadda ta ba shi kujerarta. Muka tsaya a kan cewa duk sashen zai riƙa juyawa, kowane shiri a sauya maɗori, ban da na farko. A shirin da muke bita yanzu Baba yana maɗori na huɗu, a ciki, shi ke juya shafi, kuma an ƙara masa aikin sa ido a kan wata ɗaliba sabuwar shiga da ke zaune a gefensa.